Ko Da Bai Cece Mu Ba: Laccar da Aka Yi wa Matasa a Wusasa, Zariya

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Na baya, kuna ji na? To, madalla. Abu uku na shirya a kan tsayawa da aminci lokacin tsanani, kuma za mu yi ƙoƙari mu gama kafin iyayenmu na Zumuntar Mata su sauke tukunya.

Na farko, ku buɗe Daniyel sura 3, aya 17 da 18. Shadrak, Meshak da Abednego suna tsaye gaban sarki Nebukadnezzar, tanderu na ci bal-bal. Suka ce Allahnmu yana da ikon cetonmu. Wannan kam kowa zai iya faɗa. Amma ku ji abin da suka ƙara: ko da bai cece mu ba, ba za mu yi wa gunkinka sujada ba. Ko da bai cece mu ba! Ku maimaita. A'a, ban ji na gefen nan ba.

Kuma ba sai mun je Babila ba, a nan ƙasarmu an yi. Wa ya san labarin Isawa? Hannu biyu kacal? Kai, yaran yanzu! Tun kafin zuwan Turawa akwai wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda karatunsa ya kai shi ga girmama Isa ƙwarai. Aka kashe shi saboda wannan koyarwa, almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse. Shekaru suka shuɗe, wajen 1913 wasu daga zuriyarsu suka iske Likita Miller, wani Bature ɗan mishan, a birnin Zariya, suka ji Bishara, suka karɓa. Suka taru suka kafa gari a Gimi, da gonakinsu da makarantarsu da wurin sujada. Za ka ce wahala ta ƙare ke nan, ko? Sai ciwon barci ya faɗa musu. Yau a binne wannan, gobe a binne wancan, har garin ya mutu. Ku sa kanku a matsayin uwar da ta bar danginta domin Almasihu, ga ta tana binne ɗanta, ga masu cewa ai alhaki ne ya kama ku. Me za ta riƙe? Addu'a an yi, waraka ba ta zo ba. Amma waɗanda suka ragu ba su koma ba. Da mishan ta tashi daga cikin birni ta dawo Wusasa a 1929, da irin waɗannan mutane aka kafa wurin nan. Majami'ar St. Bartholomew, ginin ƙasa, tana nan tsaye, ku je ku taɓa bangonta. Littafi Mai Tsarki na Hausa ma bai fito cikakke ba sai 1932, wato da ɗan abin da suka samu na Maganar Allah suka jure duk wannan. Mu kuma ga shi a wayoyinmu, amma rashin samun gurbin karatu sau ɗaya sai mu fara tuhumar Allah.

Na biyu... ina, lokaci ya tafi. Bari in haɗa shi da na uku. Ba kowane tsanani ke zuwa da wuta ba. Akwai yarinyar da za a ware mata kwano da moɗa a gidan ubanta. Akwai wanda za a ce masa, kai Bahaushe ne kuma Kirista, yaya aka yi? Wannan kullum ne, shi ya sa yake gajiyarwa. Bitrus ya ce mu ba da amsa da tawali'u da ladabi, 1 Bitrus 3:15. Kuma ikilisiya, in an kori yaro daga gida, ɗakin kwana yake bukata tukuna.

Na'am, ɗan'uwa, a miƙa masa makirfo.

[Tambaya: Baba, an ƙona majami'u a 1987, an sa bam a 2012. Har yaushe za mu yi ta juya kunci?]

Ɗana, na gode, kuma na san da zafi ka yi tambayar. A Maris 1987 rikicin da ya tashi a Kafanchan ya iso Zariya, majami'u da yawa suka ƙone. Ran 17 ga Yuni 2012 bam ya tashi a cocin Katolika na Sabon Gari da cocin ECWA a nan Wusasa. Ba mu manta ba, kada kuma kowa ya ce maka ka manta. Ka tsare ƙofar majami'a, ka kai ƙara, ka nemi haƙƙinka a kotu. Bulus ma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Amma a ranar nan ta 2012 wasu matasa a Kaduna suka tare hanya suna kashe matafiya da sunan ramuwa. Mai tallar da aka kashe, shi ya sa bam? Shi ma ɗan wani ne, uwarsa na jiran sa. Romawa 12:19 ta hana mu ɗaukar fansa, kuma a rikice-rikicen nan akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a ɗakunansu. In ka ɗauki adda, kana iya sare wanda ya ɓoye ƙanwarka ba ka sani ba. Ka same ni bayan an tashi, mu zauna, domin na ga akwai sauran magana a bakinka.