Sharhi: Baƙin da suka fito tarbar baƙi a yaƙin Yukiren

Jama'a masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na sharhi.

Yau yaƙin Yukiren za mu leƙa, amma ba zancen tankoki da jirage marasa matuƙa zan yi muku ba, waɗannan kullum kuna jin su a labarai. Wasu mutane ne nake so mu ɗan tsaya a kansu, mutanen da su kansu baƙi ne a ƙasashen da suke zaune, wasu ma takardun zamansu ba su gama fitowa ba, amma da aka ce ga mutanen Yukiren nan sun gudo, su ne suka ajiye sana'arsu suka fito tarba.

Ku tuna yadda abin ya fara. Ranar 24 ga Fabrairun 2022 sojojin Rasha suka afka wa Yukiren, cikin sati guda mutum miliyan ɗaya sun tsallake iyaka kamar yadda hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta faɗa a lokacin. Kuma maza daga shekara 18 zuwa 60 gwamnati ta hana su fita, saboda haka waɗanda ke kan layi a mashigar Medyka ta ƙasar Foland ko Siret ta Romaniya yawanci mata ne da yara da tsofaffi, cikin sanyin da mu nan ko a tsakiyar hunturu ba mu taɓa jin irinsa ba, wata ta kwana a tsaye da goyo, jaka ɗaya a hannu, miji ya rako ta har bakin iyaka ya juya.

To yanzu ku ɗauka an iso babbar tashar jirgin ƙasa ta Berlin. Jirgi ya tsaya, mutane sun sauko ɗaruruwa, kowa ya gaji, babu mai jin Jamusanci. A bakin matakala ga 'yan sa-kai nan sanye da 'yar shara mai ƙyalli irin ta masu aikin titi, da yawansu sun manna takarda a ƙirji sun rubuta yarukan da suke ji. Akwai ruwa, akwai burodi da miya mai zafi, akwai Jamusawa riƙe da kwali sun rubuta suna da ɗaki na mutum biyu ko uku. Duk wannan alheri ne babba. Amma Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, matar nan bayan ta sha shayi abin da ke cin ranta daban ne: ina zan samu layin waya in kira mijina, wane ofishi ake rajista, wace takarda ce idan ta ɓace na shiga uku, yaron nan da ke shan magani kullum wa zai rubuta masa wani? Wanda aka haifa a Berlin sau da yawa bai san amsar ba, don bai taɓa shiga wannan layin ba a rayuwarsa. Wanda ya sani shi ne ɗan Siriya ko ɗan Afganistan da ya iso a 2015, ya kwana a waje gaban ofishin rajista yana jiran lamba. Shi ya san ƙofar da ake bi. Wallahi ni a ganina nan ne taimakon baƙo ya fi na kowa tsada, kuma shi ne wanda ba a cika ɗauka a kyamara ba.

Akwai wani matashi ɗan Siriya, Omar Alshakal. A 2014 ninƙaya ya yi a teku daga Turkiyya zuwa wani tsibiri na Girka, kusan awa 14 yana cikin ruwa. Da ya samu kansa sai ya kafa ƙungiya mai suna Refugee4Refugees a tsibirin Lesbos, ma'anar sunan dai ɗan gudun hijira yana taimakon ɗan gudun hijira. Da yaƙin Yukiren ya ɓarke bai tsaya wata-wata ba ya nufi Siret, aka kama gida kusa da iyaka ana saukar da mata da yara, ana raba abinci da barguna. Ba addininsu ɗaya ba, ba yarensu ɗaya ba, bai taɓa zama da su ba.

Ko da yake 'yan Siriya akwai abin da ya haɗa su da mutanen Yukiren wanda ya wuce tausayi kawai. Daga Satumban 2015 jiragen yaƙin Rasha sun yi ta ruwan bama-bamai a Siriya don dafa wa gwamnatin Assad, wadda ta faɗi a Disamban 2024, duk wanda ya bi labarin birnin Aleppo na Siriya a 2016 da ya ga birnin Mariupol na Yukiren a 2022 ba sai an yi masa bayani ba. Shi ya sa likitocinsu suka yi amfani sosai. Dokta Zaher Sahloul, ɗan asalin Siriya ne da ya yi ƙaura zuwa Chicago a Amurka, ya sha shiga asibitocin ƙarƙashin ƙasa a Aleppo lokacin da ake ɓarin wuta, shi da ƙungiyarsa ta MedGlobal tun a watan Maris na 2022 suka isa birnin Lviv na yammacin Yukiren da kayan asibiti, suna koya wa likitocin can yadda ake yi idan an kawo masu rauni da yawa lokaci guda, da abin da ake yi idan an yi amfani da makami mai guba. Wannan ilimi ba a littafi suka karanto shi ba.

Sai maganar tukunya. José Andrés mai dafa abinci ne haifaffen Sifaniya, yana saurayi ya shiga Amurka neman na kansa, a 2010 bayan girgizar ƙasar Haiti ya kafa World Central Kitchen, ƙungiyar da ke ciyar da mutane a inda bala'i ya afku. Yaƙi na farawa mutanensa suka kafa murhu a bakin iyakar Foland, daga baya suka shiga cikin Yukiren ɗin kanta suna haɗa kai da gidajen abinci na garuruwa, har a watan Afrilun 2022 makami ya faɗa kusa da ɗaya daga cikin wuraren girkin a birnin Kharkiv na Yukiren ya ji wa ma'aikata rauni. A can Medyka kuma ga mabiya addinin Sikh da rawunansu, yawancinsu 'ya'ya da jikokin waɗanda suka bar Indiya zuwa Ingila da Amurka, su a addininsu akwai abin da suke kira langar, ciyarwa ce kyauta ga duk wanda ya zo ba a tambayar ka ko kai waye, suka ɗauko al'adar nan cak suka dire ta a bakin iyaka, tsohuwa 'yar Kharkiv da ba ta taɓa ganin mai irin wannan rawani ba ga ta tana miƙa hannu biyu tana karɓar shayi a wajensa.

Kar kuma mu manta da 'yan Yukiren ɗin da suka riga suka yi ci-rani. Tun kafin yaƙi akwai sama da miliyan ɗaya da ke aiki a Foland, magina, direbobi, masu aikin gona da masana'anta, ga mata da yawa a Italiya suna jinyar tsofaffi a gidaje. Su ne suka fara buɗe ɗakunansu, ɗaki ciki ɗaya ya koma na mutum shida. A Amurka ƙungiyoyinsu irin su Razom, wadda tun 2014 take, suka koma tara magunguna da kayan ɗaure rauni. Har da Rashawan da suka bar ƙasarsu saboda ba su yarda da yaƙin ba, wasunsu sun shiga aikin tafinta a tashoshi tun da mutanen gabashin Yukiren da yawa Rashanci suke yi a gida. Ku auna nauyin wannan, ka tsaya gaban matar da sojojin ƙasarka suka rushe wa gida, ta ji harshenka ta gane daga inda ka fito, wata ta karɓi taimakon wata ta kau da kai, kuma ba ka da bakin cewa komai, gobe ka sake dawowa.

To masu sauraro na san akwai mai cewa malam ka manta abin da aka yi wa 'ya'yanmu ne? Ban manta ba. Ɗaliban Najeriya kimanin 4,000 ne a Yukiren lokacin da yaƙi ya tashi, da yawa likitanci suke karanta, ga na Maroko da Masar da Gana da sauransu. Mun ga bidiyo, mun ji daga bakinsu yadda aka riƙa ture baƙar fata daga jirgin ƙasa da bas ana cewa 'yan ƙasa tukuna, wasu suka yi tafiyar awanni a ƙafa cikin ƙanƙara, har Tarayyar Afirka ta fitar da sanarwa ranar 28 ga Fabrairu ƙarƙashin shugabanninta na lokacin, Macky Sall da Moussa Faki Mahamat, tana cewa wannan wariyar launin fata ce. Waɗanda suka maƙale a garin Sumy sai 8 ga Maris aka samu hanyar fito da su. Gwamnatin Najeriya ta tura jiragen Max Air da Air Peace kwaso mutane, amma kafin jirgi ya zo wa ya riƙe yaran nan? 'Yan Afirka mazauna Foland da Hungary da Romaniya da Ingila ne, ta Telegram da WhatsApp da Twitter, wannan ya tura kuɗin mota, wancan ya ce akwai katifa a falona, wani ya kwana yana faɗa wa yara mashigar da ta fi sauƙi. Su ma baƙin ne suka yi.

Kuma bambancin bai tsaya nan ba. Ranar 4 ga Maris 2022 Tarayyar Turai ta ɗauko wata doka ta ba da mafaka ta wucin gadi wadda take ajiye tun 2001 ba a taɓa amfani da ita ba, nan take ɗan Yukiren ya samu izinin zama da aiki da makarantar yara. 'Yan Siriya a 2015 ba a ɗauko musu ita ba. A daidai wannan lokacin a iyakar Foland da Belarus akwai 'yan Iraƙi da Siriya da Afganistan da ke kwana a daji, ana gina katangar ƙarfe mai tsawon kilomita kusan 186 don tare su. Ƙasa ɗaya fa, iyaka biyu.

Duk wannan Omar da ire-irensa sun sani, sun fi mu sani ma don a jikinsu aka yi. Da sun zauna a gida sun ce ai mu ba a yi mana haka ba, ba wanda zai ga laifinsu. Amma sai suka raba abin gida biyu, maganar rashin adalci suka kai ta inda ta dace wato gaban gwamnatoci da 'yan jarida, kuma ba su yi shiru ba, matar da ta sauko daga jirgi da yaro a kafaɗa kuwa suka karɓar mata jaka. Ita ba ita ta rubuta doka ba, ba ita ta gina katanga ba. Ni dai wannan hali yana burge ni ƙwarai, don na san zuciya, ba ƙaramin abu ba ne ka ga an shimfiɗa wa wani tabarmar da aka hana ka kuma kai ne mai tayawa a shimfiɗa.

Yanzu kyamarori sun bar tashoshin nan, tantunan Medyka an naɗe yawancinsu, kuɗin gudummawa ya ja baya. Aikin da ya rage shi ne marar daɗin kallo, raka tsohuwa asibiti a yi mata tafinta, cike fom ɗin neman gida, zama da yaro a koya masa Jamusanci ko yaren Foland, tara kuɗin janareta a aika tun da daga Oktoban 2022 Rasha ta sa tashoshin wutar lantarkin Yukiren a gaba duk lokacin sanyi. Jamus kaɗai tana riƙe da 'yan Yukiren sama da miliyan ɗaya. Ɗalibanmu kuma da suka tsira da ransu, da yawa karatun ne ya tsaya cak, wasu shekara biyar suka yi a makarantar likitanci suka dawo gida ba takarda, wasu suna can Turai suna fama da izinin zama saboda waccan dokar ba ta rufe su yadda ta rufe 'yan ƙasa ba, kuma har yau masu bi musu kadin a ofisoshi yawanci 'yan uwansu baƙi ne.

Nan za mu dasa aya a shirin namu na yau, sai Allah ya sake haɗa mu, a huta lafiya.