Ramones: Shekara 22 a Cikin Mota Ɗaya

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayena malamai, 'yan uwana ɗalibai, barkanmu da yamma.

Wannan baƙar rigar da na ɗaga, a wurin 'yan gwanjo na saye ta. Na baya, ina fata kuna hangowa. Mikiya ce a tsakiya, ƙafa ɗaya riƙe da sandar buga ƙwallon besbol, ɗayar riƙe da reshen tuffa, an kewaye ta da sunaye huɗu: Johnny, Joey, Dee Dee, Tommy. Wani mai zane ɗan Meziko, Arturo Vega, shi ya ɗauki tambarin shugaban Amurka ya juya shi haka. Masu sa rigar nan a duniya ba su ƙirguwa, amma kaɗan ne suka san su wane ne mutanen. Su ne Ramones, ƙungiyar da ake ɗauka a matsayin tushen kiɗan da ake kira pank, kuma a kansu zan yi magana yau.

A unguwar Forest Hills da ke yankin Queens na birnin Niyok suka kafa ƙungiyar, a 1974. Ba su haɗa uwa ko uba ba. Jeffrey Hyman shi ne Joey, John Cummings shi ne Johnny, Douglas Colvin shi ne Dee Dee, shi kuwa Tommy, sunansa Tamás Erdélyi, a Budapest ta ƙasar Hangari aka haife shi, iyayensa Yahudawa ne da suka tsira daga kisan kiyashin 'yan Nazi. Dee Dee ne ya kawo sunan Ramone, ya samo shi daga laƙabin da Paul McCartney na Beatles ya taɓa ɓoye kansa da shi, sai kowa ya liƙa wa kansa, kamar 'yan gida ɗaya.

Yadda suka raba aiki ma ya isa ya nuna muku ko su wane ne. Da farko Dee Dee ne mai waƙa, Joey na kan ganguna. Sai ya zamana Dee Dee ba ya iya haɗa waƙa da kaɗa jitarsa, muryarsa kuma ta dishe nan da nan. Aka ce Joey ya fito gaba. To wa zai riƙe ganguna? Tommy, wanda a lokacin manaja ne kawai, ya riƙa gwada masu neman aikin. Duk wanda ya zo, sai ya karɓi sandunan ya nuna masa irin bugun da ake so, babu ado, babu ƙawa. Da aka gaji, aka ce masa tunda kai ka san abin da kake nufi, zauna kawai.

Sai kun san halin da kiɗan rok yake ciki a lokacin kafin ku gane abin da suka yi. Manyan makaɗa sun mai da shi fagen nuna gwaninta. Waƙa ɗaya ta kai minti goma, mai jita ya tsaya shi kaɗai yana ta murɗa tsirkiya, yaron da ke ƙasa yana kallo ya san har abada ba zai kai can ba. Ramones suka zubar da wannan duka. Dee Dee ya daka tsawa, ɗaya, biyu, uku, huɗu, su faɗa waƙa, kafin minti biyu sun fito, ya sake ƙirgawa. Bari in nuna muku hannun Johnny, mai jitarsu. Mai jita yakan kaɗa ƙasa ya dawo sama, hannu na hutawa a tsakani. Shi ƙasa kawai yake bugawa, da sauri, ba ɗagawa, ƙafafu a ware, jitar ta sauko har cinya. Ku gwada da hannunku na minti ɗaya ku ji yadda tsintsiyar hannu za ta ɗau zafi. Haka ya yi shekara 22.

A watan Agustan 1974 suka fara wasa a CBGB, wani ƙazamin kulob a titin Bowery, unguwar mashaya da marasa wurin kwana, a lokacin da birnin Niyok kansa yake dab da tsiyacewa. Wasansu duka bai fi minti 20 ba. Kamfanin Sire ya ɗauke su, a watan Afrilun 1976 faifansu na farko ya fito: waƙa 14 cikin minti 29, kuɗin aikin dala 6,400. A jerin cinikin Billboard, lamba ta 111 ya tsaya.

Ranar 4 ga Yulin 1976, Amurka na bikin cika shekara 200 da samun 'yanci, su kuwa suna Landan, a zauren Roundhouse. Washegari suka yi wasa a Dingwalls, inda samarin Clash da Sex Pistols, ƙungiyoyin pank na Ingila, suka zo suka same su. Ban ce su suka haifi pank na Ingila ba, wutar ta riga ta kama, amma sun zuba mata fetur. Duk garin da suka ratsa, sai yara sun kafa ƙungiya a bayansu, don sun ga abin da hannunsu zai iya.

Amma kasuwa ta ƙi. A watan Disambar 1976 Sex Pistols suka yi ta ashar a talabijin ɗin Ingila kai tsaye, sunan pank ya ɓaci, gidajen rediyon Amurka suka ja baya. Laifin wani ya shafi wani. Tommy ya gaji da yawo ya ajiye sanduna a 1978, Marky ya karɓa. Suka je wurin Phil Spector, shahararren mai tsara faifai, ko zai buɗe musu ƙofa. Ya sa Johnny ya yi ta maimaita bugu ɗaya tak har ransa ya ɓaci. Faifan ya fito a 1980, ya kai lamba ta 44, kuma ba su taɓa wuce nan ba.

Nan ne inda nake so mu tsaya. Ƙungiyoyin da suka taso tare da su, yawanci a irin wannan gaɓar suka watse. Sex Pistols ba su yi cikakkiyar shekara uku ba. Me ya riƙe Ramones har shekara 16 bayan haka? Johnny ne. Mutum ne da ya yi aikin gini kafin ya riƙe jita, kuma da idon lebura ya kalli kiɗa. Ya haƙura da zama tauraro, ya ce sana'a ce, za a fita kullum a nemo. Shi ke lissafin kuɗi, shi ke sa doka: rigar fata baƙa, yagaggen wandon jins, takalmin kambas, ba canji. Mai latti a ci shi tara. Sun yi wasa sau 2,263. Ku raba da 22, za ku samu kusan sau biyu kowane mako, ba fashi, kuma mafi yawan tafiyar cikin Amurka a ƙaramar bas suka yi ta.

Yanzu ku leƙa cikin motar nan. Johnny na gaba, Joey na can baya, kuma ba sa magana da juna. A farkon shekarun 1980 budurwar Joey ta bar shi ta koma wurin Johnny, daga baya ma suka yi aure. Ga kuma siyasa: Johnny ɗan ra'ayin riƙau ne, masoyin Ronald Reagan, Joey kuwa mai sassaucin ra'ayi. Da Reagan ya ziyarci maƙabartar Bitburg a Jamus a 1985, inda aka binne har da sojojin SS na Hitler, Joey, wanda Bayahude ne, da Dee Dee suka yi waƙar suka a kai. Johnny bai so ba, amma ya kaɗa. Joey kuma yana fama da lalurar waswasi mai tsanani, sai ya sauko daga bene ya koma ya sake taka matakala, mota na jiransa a waje. Dee Dee na fama da shan ƙwayar heroyin tun yana saurayi, har ya bar su a 1989, aka ɗauko C.J., yaron da ya fito daga sojan ruwa. Mu da aka hore mu kada gaba ta wuce kwana uku, abin yana da nauyi a kunne: mutum biyu, shekara goma sha, taku kaɗan tsakaninsu a dandamali, in an sauka kowa ya kama gabansa. Ina girmama juriyarsu ƙwarai, amma wannan ɓangaren yana sosa mini rai duk lokacin da na tuna.

A shekarun 1990 yaran da suka koya daga gare su, irin su Green Day, suka sayar da miliyoyin faifai, su kuwa suna nan a ƙananan zaure. Sai a Kudancin Amurka suka ga gata. A Ajantina matasa kan yanyame motarsu har ta kasa motsi, kuma a watan Maris na 1996 dubun-dubatar mutane suka cika filin ƙwallon River Plate a Buenos Aires don yi musu bankwana. Ranar 6 ga Agustan 1996 suka yi wasan ƙarshe a zauren Palace da ke Hollywood, bayan faifai 14.

Joey ya rasu a watan Afrilun 2001, sankarar jini ta ɗauke shi yana ɗan shekara 49. Johnny bai kira shi ba har ya cika, kuma da bakinsa ya amsa haka daga baya. A watan Maris na 2002 aka shigar da su zauren girmama gwanayen rok, bayan wata uku aka tsinci gawar Dee Dee, ƙwaya ta kashe shi. Johnny ya bi su a Satumbar 2004, shi ma sankara. Birnin Niyok ya sa wa wata kusurwa kusa da CBGB sunan Joey a 2003, kulob ɗin kansa aka rufe shi a 2006.

Shi kuwa faifan nan na dala 6,400, sai a 2014 cinikinsa ya cika kwafi 500,000 a Amurka, shekara 38 bayan fitowarsa. A cikin sunaye huɗun da ke jikin rigar nan, Tommy kaɗai ya ga ranar, shi ma ya rasu a watan Yulin shekarar.

Shugaba, na ga ka duba agogo. A nan zan dakata, in akwai mai tambaya bismilla.