Korona ta wuce, bashi na nan: yadda Chadi ta jira kusan shekara 2

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Duk mai harka tsakanin Kusuri da Njamena bai manta watan Maris na 2020 ba. Saboda korona Kamaru ta rufe iyakokinta, Chadi ma ta rufe nata. An bar manyan motocin kaya da ke tasowa daga Ngaundare suna wucewa, sai dai da jinkiri. Wanda ya ji a jikinsa shi ne ƙaramin ɗan kasuwa, mai ɗaura buhun albasa a bayan klando, wato babur ɗin haya, ya haye gadar Ngeli da safe, ya dawo da sukari da sabulu kafin la'asar. Shi kam zama ya yi ya cinye jarinsa.

A shekarar, tattalin arzikin duniya ya ja baya da kusan kashi 3 cikin 100, Bankin Duniya kuma ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 70 suka ƙaru cikin matsanancin talauci. Amma dukan bai zo wa kowa daidai ba. A Maris ɗin nan Amurka ta ware dala tiriliyan 2.2, har tana aika wa mutanenta dala 1,200 kowane. Da kuɗinta take cin bashi, kuɗin ruwa kuma a lokacin kusan babu. Mu sefa muke kashewa, an ɗaure ta da yuro, ba gwamnatin da za ta wayi gari ta ce a buga sabo.

 Man Chadi da ake haƙowa a Doba na bin bututu mai tsawon kilomita 1,070 har zuwa Kiribi a bakin teku. A Afrilun 2020 gangar mai ta faɗi ƙasa da dala 20. Ga kuma tsohon bashi a wuya: a 2014 kamfanin mai na gwamnatin Chadi, SHT, ya karɓi sama da dala biliyan 1 a hannun Glencore, kamfanin cinikin mai da ma'adinai, don sayen kason kamfanin Chevron a man Doba, a kan za a riƙa biya da ɗanyen mai. To in farashi ya karye, gangunan da ke tafiya biyan bashi su ƙaru, abin da ke shiga baitulmali ya ragu, daidai lokacin da asibiti ke neman kuɗi.

Ƙasashen G20, masu ƙarfin tattalin arziki, sun ɗage wa matalautan ƙasashe biyan bashi daga Mayun 2020 zuwa Disambar 2021, kusan dala biliyan 13. Ɗagewa fa, ba yafewa ba. Bankuna da kamfanoni kuwa kusan dukkansu suka yi kunnen uwar shegu. Sai G20 ta fito da tsarin bai-ɗaya na sassauta bashi, Chadi ce ta fara neman shiga a Janairun 2021. Dole sai ƙasashen da ke bin ta bashi, Sin da Faransa da Indiya da Saudiyya, sun amince, Glencore ma ya amince. Aka yi ta ja-in-ja, har Shugaba Idriss Deby ya rasu ana cikin jira. Ba a cimma matsaya ba sai Nuwambar 2022. Kafin nan yaƙin Yukren ya ɗaga ganga sama da dala 100, masu bin bashi suka ce ai yanzu tana da abin biya. Ko sisi ba a yafe ba. An dai matsar da wani kaso na biyan 2024 gaba, da alkawarin sake zama in mai ya faɗi.

A ganina wannan shi ne ma'aunin duk maganar gyara tsarin kuɗi da bashi na duniya. A Agustan 2021 asusun ba da lamuni na duniya, IMF, ya raba kuɗin ajiya na dala biliyan 650, amma bisa girman hannun jarin kowace ƙasa. Amurka ita kaɗai ta samu sama da biliyan 110, Afirka baki ɗaya kimanin biliyan 33.

An ɗan motsa, ba a ce ba. Tarayyar Afirka ta samu kujera a G20 a Satumbar 2023, ƙasashen kudu da Sahara suka samu kujera ta uku a hukumar gudanarwar IMF a 2024. Firaministar Barbados, Mia Mottley, na matsa lamba a sa sharaɗi cikin takardar bashi cewa biya ya tsaya da kansa in bala'i ya auku, Bankin Duniya kuma ya fara karɓar wannan ga wasu ƙananan ƙasashe. Abin da har yau babu shi ne dokar duniya da za ta tilasta wa kamfani mai bin bashi zama kan teburi cikin wa'adi, kuma rashinta ne ya sa Zambiya ma ta shafe sama da shekara 3 kafin ta daidaita da masu binta.