A Ɗora Jakar Yaron Nan A Kan Sikeli

Jama'a masu sauraro, duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ƙofar makarantar firamare da safe ya ga abin da ya sa na ɗauko wannan batu. Ga yarinya 'yar shekara 7, jaka ta sauko mata har ƙasan ƙugu, ta miƙo wuya gaba, ta saƙala yatsu a igiyoyin jakar tana ja, tana tafiya a rankwafe kamar mai hawan tudu alhali ƙasar a shimfiɗe take.

Ba lalaci ne ya rankwafar da ita ba. Nauyi yana fizgar ta baya, dole ta karkato gaba don kada ta faɗi, sai kafaɗu su dunƙule, jijiyoyin wuya da na gadon baya su ɗauki aikin da ya fi ƙarfinsu. Idan kuma ta rataya jakar a kafaɗa ɗaya, sai jikin ya karkace gefe guda.

Likitoci da dama suna ba da shawarar kada jaka ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin yaro, kuma a shekarar 2020 ma'aikatar ilimi ta Indiya ta sa kashi 10 a cikin ƙa'idar jakar makaranta. A yi lissafi. Yaro mai kilo 25 bai kamata jakarsa ta wuce kilo 2 da rabi ba. Idan aka loda masa kilo 6, daidai yake da a ɗora wa babban mutum mai kilo 70 kusan kilo 17 kullum, safe da rana. Wane uba ne zai yarda da haka? To, wa ya taɓa auna jakar ɗansa?

Na san za a ce mu ma mun ɗauka ba mu mutu ba. Haba jama'a, yaushe rashin mutuwa ya zama ma'aunin lafiya? Gaskiya ne likitoci ba su ɗora wa jaka laifin cutar karkacewar ƙashin baya ba, amma ciwon wuya da na kafaɗa, da sawun igiya da ke fitowa a fata, da hannun da ke yin sanyi, duk yaron yana jin su, sai dai bai iya faɗa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne jadawalin darussa yana manne a bangon aji, amma malami ya ce a zo da dukkan littattafai kullum, wanda ya bar ɗaya a gida kuma ya sha hukunci. Littafin darasin Alhamis me yake nema a bayan yaro ranar Litinin?

Iyaye, a daren yau ku auna yaron, ku auna jakar. Ku fitar da abin da ba a buƙata gobe, ku jera manyan littattafai ta jikin bayansa, ku ɗaure igiyoyin biyu har jakar ta tsaya saman ƙugu. In har yanzu ta wuce kashi 10, ku rubuta kilo nawa ne a takarda ku kai wa shugaban makaranta.