Iskar da ke Cikin Ramin Kwal: Inda Take Taruwa da Yadda Ake Auna Ta

An rubuto wannan daga rikodin wata lacca da aka yi wa masu kula da ramukan haƙar ma'adinai a Jos.

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanku da zuwa. Da yawa a cikinku a loton kuza kuka koyi aiki, inda abin tsoro shi ne zaftarewar ƙasa da ruwa. Ramin kwal yana da waɗannan duka, sannan ga iska mai haɗari, domin shi kansa kwal ɗin yana fitar da ita tun daga lokacin da aka fasa shi.

Ta farko ita ce metan. Ba ta da wari, ba ta da launi, kuma ta fi iskar da muke shaƙa rashin nauyi, don haka sama take bi, ta kwanta a rufin rami. Idan ta kai tsakanin kashi 5 da kashi 15 cikin ɗari na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa: na wayar lantarki, na ƙarfe da ya daki dutse, ko ashanar mai shan taba. Ba a jira ta kai 5. A dokar Amurka, da ta kai kashi 1 a bakin aiki, wato inda ake fasa kwal ɗin, ana yanke wutar injuna a gyara shigar iska, da ta kai 1.5 ana fitar da mutane. Ku riƙe waɗannan lambobi biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne wurin awo. Mai dubawa ya rataye na'urar awon iska a ƙugu, ta nuna masa 0.3, ya rubuta lafiya lau, alhali a saman kansa akwai shimfiɗar metan. A ɗaga na'urar zuwa kusan santimita 30 daga rufi, a leƙa da ita duk wani gurbi da dutse ya faɗo ya bari, sannan a sauko da ita ƙasa, domin kabon dayoksaid ta fi iska nauyi, a kwari da tsofaffin hanyoyi take taruwa ta kore oksijin. Iska mai kyau tana da oksijin kashi 20.9, idan ya sauka ƙasa da 19.5, kada kowa ya shiga.

Ita ma na'urar tana da iyakarta. Irin wadda aka fi samu tana ƙona ɗan metan ne a cikinta kafin ta ba da lamba, saboda haka inda oksijin ya yi ƙaranci sosai sai ta nuna ƙasa da gaskiya. Shi ya sa ake fara karanta oksijin kafin a yarda da lambar metan. A riƙa gwada ta da kwalbar iskar gwaji kafin a sauka. Wadda ba ta yi ƙara a gwaji ba, a ajiye ta.

Sai kabon monoksaid. Kun san ta, ita ce take kashe mutanen da suka kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Tana kama jini fiye da oksijin sau 200 da wani abu. A rami tana fitowa daga hayaƙin nakiya, daga janareta ko injin jan ruwa mai fetur da aka saukar ciki, abin da bai kamata a yi ba ko na minti ɗaya, da kuma kwal da ya fara zafi da kansa a wuraren da aka gama haƙa. Idan lambarta tana hawa a hankali kwana bayan kwana a hanyar fitar iska, wani wuri yana shirin kamawa da wuta. A Soma ta ƙasar Turkiyya, a 2014, mutum 301 suka mutu, mafi yawansu wannan iska ce ta kashe su.

Iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai kuwa, wato haidurojin salfaid, kada ku yarda da hancinku a kanta. Idan ta yi yawa tana kashe jin wari, mutum ya zaci ta wuce.

Maganin duk waɗannan iska ce mai gudu, kuma lissafinta ba wuya. Hanya mai faɗin mita 3 da tsayin mita 2 bakinta murabba'in mita 6 ne. Idan iska tana tafiyar mita 1 a daƙiƙa, kubik mita 6 ke wucewa. Kwal da ke fitar da kubik mita 0.03 na metan a daƙiƙa zai ba ku kashi 0.5. To wani ya bar ƙofar iska a buɗe, ko bututun fanka ya yage, iskar ta ragu da rabi: kun kai kashi 1 ke nan, ba tare da kwal ya ƙara komai ba. Ƙaramar fanka mai tura iska zuwa bakin aiki kuma a kafa ta a cikin sabuwar iska. Idan tana zuƙo wadda ta riga ta fito daga bakin aiki, dattin take mayarwa.

Ƙurar kwal ita ce ke ɗaukar ƙaramar fashewa ta kai ta ko'ina. A Kuriye ta Faransa, a 1906, ta ci mutum 1,099. Ana jiƙa ta da ruwa, a kuma watsa garin farar ƙasa a bango da rufi.

Wani ya tambaya a kan ɗaukewar wuta, kuma mu nan dole mu yi wannan magana. Fanka ta tsaya, a yanke wutar ciki, kowa ya fito. Idan wuta ta dawo, kada a kunna komai a ƙasa. Mai dubawa ya shiga da na'ura tukuna, a saki iska kaɗan-kaɗan domin tarin metan ya tsarma kafin ya bi ta kan injuna, a sake awo a kowane bakin aiki, a rubuta lamba da lokaci a littafi. Bayan ya sa hannu ne ma'aikata za su sauka.