Durƙushewar kasuwar wasannin bidiyo a Amurka a 1983

Assalamu alaikum. Jama'a, bayanin yau zai tsaya ne a kan yadda kasuwar wasannin bidiyo ta durƙushe a Amurka a shekarar 1983, domin daga nan ne aka samo yawancin ƙa'idojin da masana'antar take tafiya a kansu har yanzu.

Galibi idan ana ba da labarin, akan ɗora laifin a kan wasa guda, wato E.T., wanda kamfanin Atari ya ba mai tsara wasanni Howard Scott Warshaw kimanin makonni biyar ya haɗa domin a riski cinikin Kirsimeti na 1982. Wasan bai yi armashi ba. Yaro zai zauna yana danna maɓalli, ɗan halittar da yake sarrafawa ya faɗa rami, ya fito da ƙyar, ya sake komawa. A watan Satumba na 1983 Atari ya kwashi dubban ɗaruruwan kaset-kaset da suka yi kwantai ya binne su a jujin garin Alamogordo da ke jihar New Mexico, sai a 2014 aka tono wasu daga ciki.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza, kuma ni a ganina wasan nan ya tarar da kasuwar ta riga ta lalace. A 1979 wasu masu tsara wasanni suka fice daga Atari saboda ba a sanya sunayensu a kan ayyukansu, suka kafa Activision, suna yin wasanni don na'urar Atari 2600. Da aka ga shari'ar da Atari ya shigar ba ta hana su ba, sai kowa ya afko, har da kamfanin abinci na Quaker Oats. Shaguna suka cika maƙil da kaya marasa inganci, ana zuba su a kwanduna ana karyar da farashi, uban da ya zo saya wa ɗansa kuwa ba shi da hanyar bambance mai kyau da tarkace. Wanda aka cuta sau biyu bai sake dawowa ba. A shekarar 1983 kaɗai Atari ya yi asarar fiye da dala miliyan 500.

Da kamfanin Nintendo na Japan ya kawo na'urarsa ta NES birnin New York a watan Oktoba na 1985, ya zo ne da shiri. Ya dasa wata 'yar ƙwayar lantarki mai suna 10NES a cikin na'urar, wadda take ƙin kowane kaset da ba shi da izini, ya riƙe aikin ƙera kaset-kaset ɗin a hannunsa, ya buga hatiminsa a jikin kwali, sannan ya ƙayyade wa kowane kamfani wasanni biyar a shekara. Sharuɗɗan sun yi tsauri ƙwarai, har ta kai kamfanin wasanni na Konami ya buɗe wani reshe mai suna Ultra Games domin ya sami damar fitar da ƙarin wasanni. Tsarin izinin nan ne Sony da Microsoft suka gada, kuma har yau duk mai son wasansa ya hau na'urarsu sai ya nemi amincewarsu, ya kuma ba su kaso daga cinikin.