Hayar keken dutse a ƙasar baƙunta: abin da ya kamata ɗan Yamai ya sani

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

Duk wanda tafiya ta kai shi Marrakesh ta ƙasar Maroko, ko karatu ne ya kai shi, ko fatauci, ko taro, zai ga masu ba da hayar keke mai kaurin taya, irin wanda muke ce wa VTT a nan Yamai. Haka abin yake a garuruwan tsaunukan Alp na Faransa, haka a bakin tafkin Kivu na Ruwanda. Ka biya kuɗin yini, a ba ka keke da hular kwano, ka nufi dutse. Na san wani zai ce ai wannan ba abin yin dogon bayani ba ne, tun muna 'yan lakkol muke tuƙa keke, yanzu ma kullum muna kan babur daga Wadata zuwa Harobanda. To, wannan sabo da babur ɗin shi ne abu na farko da ke iya kayar da mutum a kan dutse.

Ku dubi hannuwanku biyu. A kan babur, hannun dama shi ne birkin gaba, na hagu kuwa kuloci ne, shi ya sa ɗan kabu-kabu ke damƙe shi gaba ɗaya ba tare da tunani ba. A kan keken da za a ba ka a Faransa, da yawancin ƙasashen da ke tuƙi ta hannun dama, lissafin ya juya: hannun dama birkin baya ne, hagu kuma birkin gaba. Ka ɗauka kana gangarowa, wani dutse ya ɓullo a gabanka, hannunka na hagu ya yi abin da ya saba yi, ya damƙe. Ƙafar gaba za ta tsaya cak, kai kuma ka wuce ta sama. A Ingila kuma dama ce gaba, kamar babur. Saboda haka tun kana ƙofar shago ka tura keken, ka matse dama ka ga wace ƙafa ta tsaya, ka matse hagu ka gani. In kana son a juya maka su, ka tambaya, wasu shagunan suna yi.

Birkin waɗannan kekuna ba irin na kekunanmu na gida ba ne, mai robar da ke goga bakin ƙafa. Faifan ƙarfe ne a tsakiyar ƙafa, man da ke cikin siririn bututu ne kuma ke tura birkin ya matse shi. Yatsa ɗaya ya ishe shi, manuniya kawai, sauran huɗun su riƙe kan keke da kyau. Mafi yawan ƙarfin tsayawa yana birkin gaba, don haka ba a guje masa, sai dai a matsa shi sannu a hankali tare da na baya. Bayan doguwar gangara kuma kada ka taɓa faifan, yana ƙona fata.

Tun asali ma, matsalar birki ce ta haifi wannan keke. A shekarun 1970 wasu samari a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka suka riƙa ɗaukar tsofaffin kekuna masu nauyi suna gangarowa da su daga tudu. A 1976 suka fara gasa a wata hanya mai tsawon kamar kilomita 3, wadda ke sauka wajen mita 400. Zafin birki yakan ƙone girishin da ke cikin cibiyar ƙafar baya, sai an sake cika shi kafin a koma. Daga nan ɗaya daga cikinsu, Joe Breeze, ya ƙera keke musamman domin wannan aiki a 1977, kamfanin Specialized ya fitar da nasa kasuwa a 1981, zuwa 1996 wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Duk abin da kuke gani a jikin keken yau, faɗin taya, yawan giya, da bututun nan biyu na gaba masu shanye girgiza, faɗuwar mutane ce ta koyar da maƙera su sa shi.

Mu koma shago, domin minti goma sha biyar ɗin da za ka yi a ciki su ne rabin tafiyar.

Mai shago zai tambayi tsayinka da nauyinka. Ka faɗa masa gaskiya. Tsayi shi ke nuna girman keken da ya dace da kai, ƙarami, matsakaici ko babba. Nauyi kuma da shi ake auna iskar da za a sa wa mashanyin girgiza, yadda idan ka zauna zai nutse kamar kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa. In bai nutse ba, kowane dutse a kafaɗarka zai sauka. Sirdi kuma, ka hau ka ɗora diddige a kan feda tana ƙasa: in ƙafarka ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkata ba, tsayin ya yi. Yawancin kekunan haya na yanzu suna da wani ɗan maɓalli kusa da babban yatsan hagu, ka danna ka zauna, sirdin ya sauka, ka danna ka miƙe, ya dawo sama. Ka gwada shi sau biyu uku a ƙofar shago, za ka buƙace shi a gangara.

Sai taya. Mu a nan in mai faci ya ba taya iska, sai ta yi tauri kamar ƙwaryar goruba muke cewa ta yi. A dutse taya mai tauri tsalle take yi, ba ta kama ƙasa. Iskar da ake sa wa irin wannan taya ba ta cika wuce bar 2 a ma'aunin famfo ba, sau da yawa ma ƙasa da haka. Idan ka danna da babban yatsa ka ji ta ɗan lotsa, kada ka ce a ƙara.

Ka zagaya keken da wayarka, ka ɗauki hoton duk wani ƙarce da lanƙwasa a gaban mai shago. Za a nemi kuɗin jingina, sau da yawa ta katin banki, a riƙe su har ka dawo da keke lafiya. Ka tambaya tun yanzu: in sarƙa ta tsinke wa zai biya, in na faɗi wani abu ya karye fa, ƙarfe nawa ake rufe shago? Kekunan nan suna da tsada ƙwarai, kuma Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, ƙaramar gyara a can jikkuna da yawa ce a aljihunmu. Shawarata, kada ka bar fasfo ɗinka a hannun kowa, ka ba da kwafinsa. Wanda ya yi inshorar tafiya kuma ya karanta takardar da kyau, domin wasu ba sa ɗaukar nauyin haɗarin irin wannan wasa, alhali a ƙasa irin Suwizalan in jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko ka daga dutse, takardar biya za ta biyo ka.

Hular kwano ba a ciniki a kanta. Ka duba cikinta, in akwai tsagewa ka ce a canza. Ka nemi famfo, da tiyub na ko-ta-kwana, da ɗan makullin gyara.

Akwai kuma keke mai batir. Yana taimaka maka ne kawai idan kana taka feda, kuma a Turai taimakon yana yankewa da ka kai gudun kilomita 25 a awa. Yana da daɗi wajen hawa, amma ina jan kunnen baƙo a kansa: yana kai mutum can saman da ƙafarsa ba za ta kai shi ba, alhali saukowa da gwanintarsa zai yi ta, keken kuma ya fi nauyi.

Yanzu wace hanya za ka bi? A Faransa da maƙwabtanta ana yi wa hanyoyin alama da launi. Kore na ɗan koyo ne, shuɗi ya ɗan fi shi, ja na wanda ya ƙware, baƙi kuwa na gwanaye ne, akwai tsalle da gangara mai tsayi. A garuruwa irin su Morzine da Les Gets, lokacin zafinsu, kujerun igiyar da ke ɗaukar masu wasan ƙanƙara su ne ke ɗaukar ka da kekenka zuwa sama, kai dai saukowa ce taka. Ka fara da kore, ko da kana ganin yara ƙanana a kai. Babu wanda ya san ka a can balle ya yi maka dariya, kuma shuɗin wani wuri ya kai jan wani wuri wuya.

A tsaunukan Atlas na Maroko yawancin hanyoyin ba don keke aka yi su ba, hanyoyin mutanen ƙauye ne da alfadaransu, ba launi ba allo. Can ɗan jagora ya zama dole. Shi ya san inda ruwa ya cinye hanya, shi ya san ƙauyen da za a tsaya a sha shayi a yi salla. A Ruwanda akwai hanyar da ake kira Congo Nile Trail, kilomita 227 daga Rubavu zuwa Rusizi a gefen tafkin Kivu, masu keke kan yi ta cikin kwana biyar, amma baƙo na iya ɗaukar yanki guda na yini ɗaya ya wadatar.

Abin da ya fi ba mutanenmu mamaki shi ne numfashi. Yamai tana kan tsayin kamar mita 200 ne daga teku. Ƙauyen Imlil, wanda daga shi ake hawa dutsen Tubkal, yana wajen mita 1,800, shi kuwa Tubkal ɗin mita 4,167 ne, ya ninka dutsen Bagzan na Ayar, mafi tsayi a Nijar, mai mita 2,022. Kana hawa iska na ƙara sirancewa, sai ka ga saurayi mai buga ƙwallo kowace yamma yana haki a ɗan tudun da bai kai ya kawo ba. Ba rashin ƙarfi ba ne, jiki ne bai saba ba. Ranar farko ka yi gajeriyar tafiya. In ka haura mita 2,500 ka ji ciwon kai da tashin zuciya da jiri, maganinsa saukowa. Sanyi ma haka, kowane mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kamar digiri 6, ga iskar gangara tana dukan rigar da ta jiƙe da gumi. Ka sa rigar iska a jaka ko da rana na ƙwalla a ƙasa. Ka riƙa shan ruwa tun ƙishi bai zo ba, domin sanyi yana ɓoye ƙishi. Mai azumi kuwa, gara ya ɗage wannan yawo zuwa wani lokaci.

Ga yadda mahayi mai lura yake saukowa. Ya sauke sirdi, ya miƙe tsaye a kan feda, fedojin biyu suna daidai da juna don kada ɗaya ta bugi dutse. Gwiwa a lanƙwashe, gwiwar hannu a buɗe, diddige ya ɗan yi ƙasa. Idonsa ba ya kan tayar gaba, yana can gaba inda yake son zuwa, domin keke inda ido ya kalla yake bi: ka zuba wa rami ido, cikinsa za ka faɗa. Yana rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. A hawa kuma yana sauya giya tun tudun bai kama shi ba, don in ka sauya kana danna feda da ƙarfi, sarƙa ce ke shan wuya. Inda ya ga abin ya fi ƙarfinsa, sai ya sauka ya tura keken, kuma gwanaye ma suna yin haka.

Hanya ba taka ba ce kai kaɗai. Mai saukowa shi ke ba mai hawa hanya, mai keke kuma yana ba mai tafiya a ƙasa da mai dabba. In kun haɗu da alfadari ɗauke da kaya a ƙunƙuntar hanya, ka tsaya ta ɓangaren dutse, ka bar masa ɓangaren rami, kada kayansa su ture ka. Ka yi sallama, ka rage gudu a cikin ƙauye saboda yara, kada ka ɗauki hoton mutane sai da izininsu, kada ka ratsa gona. Mu da muka san darajar baƙo, mun kuma san abin da ake jira daga gare shi. Kafin ka fita ka gaya wa mai masauki hanyar da za ka bi da lokacin dawowarka, ka sauke taswira a waya don ba ko'ina ake samun layi ba. A ƙasashen Tarayyar Turai lambar neman agaji 112 ce.

Duk wannan ana iya fara koyonsa a gida tun kafin a sayi tikitin jirgi. Ka haye gadar Kennedy zuwa Harobanda, can bayan gari akwai tuddan jan dutse irin su Trois Sœurs, ga tsakuwa mai zamewa, ga kwazazzabai da ruwan damina ya haƙa, ga yashi a gindinsu. Tsayinsu bai kai na Atlas ba, amma sun isa su koya maka birki da yatsa ɗaya da tsayuwa a kan feda. A yashi ka mayar da nauyinka baya, ka sa giya mai sauƙi, kada ka daina taka feda. Babban abokin gaba a nan ƙaya ce, ta aduwa da tsidau, don haka ka tafi da kayan faci, ko ka sa ruwan nan mai toshe huda a cikin taya. Lokacin ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ya fi dacewa. A Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, in za a fita to bayan sallar asuba ne, a dawo kafin hantsi ya yi zafi. Ku fita ku biyu ko uku, kada ku yi nisa da gari, kuma saboda halin tsaro a jihar Tillaberi ku tambayi mutanen unguwa da jami'an tsaro iyakar inda ake zuwa kafin ku wuce gidajen ƙarshe.